Sukurun Gado a Jikin Jita

Ranar Laraba da la'asar jitar Mai Bes, makaɗin bes wato jita mai kaurin sauti, ta sake faɗuwa, karo na uku ke nan cikin wata guda. Suna tsakiyar gwaji a ɗakin da ƙungiyarsu ke ajiye kayan kiɗa, ya ɗan girgiza kafaɗa yadda ya saba, sai ɗan ƙarfen da ke riƙe bel ɗin rataya ya yi tsalle, jita ta daki siminti, sifika ta ƙwala ihu. Mai ganga ya toshe baki yana dariya. Shugaban ƙungiya bai ko murmusa ba. Dama yana fama da sandar makirufonsa, wadda ta daɗe da koyon zamewa ƙasa da kanta.

"Ka ji ni da kyau," in ji Shugaba. "Ranar Asabar muna da liyafar kamfani. In abin nan ya faɗi a gaban mutane, ka tattara naka ya naka. Mai fiyano na iya buga bes da hannun hagu, kuma tasa ba ta faɗuwa."

Mai fiyano ya sunkuyar da kai, wai shi mai kunya, yana ta murza yatsun hagu.

Shekara goma sha tara Mai Bes ya yi a ƙungiyar nan, da wannan jita ɗaya mai tsirkiya huɗu. Da ya duba sai ya ga wannan karon ba kwancewa sukurun ya yi ba. Karyewa ya yi. Kan ya tafi, gangar jikin ta maƙale can cikin katako. Ya gwada filaya, ya gwada bakin wuƙa, bai ƙaru da komai ba sai ɓare fenti. Mutum ɗaya ya sani mai kayan aikin da za su ciro shi, wato yayan matarsa, Kafinta. Shi ne kuwa mutumin da bai taɓa yarda ya ga jitar nan a kusa ba.

Dalili kuwa, Mai Bes na da wata ɗabi'a. Ba ya shan komai, ba ya yawo, amma duk ranar da sukuru ya ɓace a jikin jitarsa, ba ya zuwa shago. Sai ya jira matarsa ta fita, ya ɗauki sukurudireba, ya zagaya gida yana duban abin da zai iya haƙuri da rashin guda ɗaya. Kayan gidan kuwa, gado da kabad da kujeru shida da tebur, duk Kafinta ne ya ƙera wa ƙanwarsa da hannunsa. Shekara da shekaru ƙofar kabad na karkacewa, gado na ƙara, kujera na rawa. Duk inda dangi suka taru sai ta ce, "Yaya, aikinka dai kamar biskit." Ta faɗa wa maƙwabciyarsu matar bene, matar bene ta faɗa wa mai kitso, daga nan kuwa an gama. Maƙwabta biyu da suka so yin kabad, wani wuri suka kai. Bawan Allah Kafinta ya kan zo ya cike gurbi, ya koma yana tunanin ko ɓerayen gidan ƙanwarsa ƙarfe suke ci.

Da safen Alhamis Mai Bes ya isa shagon, jita a naɗe cikin zanen gado.

"Yaya, barka da aiki. Ɗan ƙaramin abu ne, nan kawai za ka duba." Ya ɗora tafin hannu ya rufe sauran.

"Ɗage hannunka, ango," in ji Kafinta. Shekara ashirin da biyu da aure, bai daina kiransa ango ba.

Ya share garin katako daga benci, ya shimfiɗa tsohon bargo, ya kwantar da jitar. Ya saka tabarau. Ya daɗe yana kallo. Sukuru kusan talatin ne a jikinta, amma da ƙyar a sami biyu masu kama da juna: wani fari, wani ruwan tagulla, wani mai tsaga ɗaya, wani mai huɗu, wani ya yi tsatsa har kansa ya shafe. Kafinta ya kwance guda daga farantin da ke haɗa wuya da jiki, ya ɗaga shi wajen haske, ya kankare zarensa da farce. Wani koren gari ya zubo. A duk layin nan shi kaɗai ke goga wa sukuru koren sabulun wanki kafin ya ɗaura.

"Wannan na ƙofar kabad ne," ya ce, a hankali. "Na sama, ɓangaren dama."

"Yaya, ai sukuru duk kamarsu ɗaya."

Ya kwance na biyu. "Kujera." Na uku. "Kujera kuma." Ya leƙa ramin da guntun ya maƙale. "Wannan ƙaton da ka danna a nan ba tare da ka huda masa hanya ba, na gado ne. Shi ya sa ya karye. Ango, gado! Inda kake kwana!"

Mai Bes ya duba rufin shago, ya duba ƙasa. Ya ce ai Asabar ta kusa.

"Za a yi maka aiki, har ta fi sabuwa. Amma sai mai gadon ta zo." Ya ciro waya.

Kafin rabin awa ta iso, ko ɗankwali ba ta gyara ba, tana zaton hatsari aka yi. Ta tarar yayanta ya jera sukurori a kan farar takarda, kowanne an rubuta inda ya fito a ƙasansa.

"Karanta," ya ce. "Da ƙarfi. Masu biskit na saurare."

Ta karanta. Ta kai hannu ta ɗauki wani ɗan fari wanda ba a rubuta masa komai ba. "Wannan na hannun tukunyata ne. Baban yara, ranar da miya ta zube min a ƙafa kana tsaye. Har cewa ka yi kayan zamani ba su da ƙarko."

"Ai ba su da shi," in ji Mai Bes.

Ta gane na dutsen guga, ta gane na fanka. Ba ta ɗaga murya ba, abin da ya fi ba shi tsoro ke nan. Ta juya ta ce, "Yaya, ka yafe ni." Kafinta ya ce ya yafe, amma a biya ta wajen mai kitso a gyara labari.

Sannan ya kama aiki, su biyu suna zaune a kan benci ba mai kallon wani. Ya samo ɗan siririn bututun ƙarfe, ya fiƙe masa haƙora a baki, ya saka a injin huda, ya zagaye guntun da shi har ya fito tare da ɗan katakon da ya riƙe shi. Ya fere itace mai tauri daidai ramin, ya shafa gam, ya buga, ya ce a bar shi sai gobe. Wanda kansa ya shafe, ya yanka masa sabuwar tsaga da bakin zarto, ya ɗiga mai, ya fito yana kuka. Ramukan da suka yi faɗi ya cusa musu tsinken ashana da gam. Kunne ɗaya na ɗaure tsirkiya ya lanƙwashe, ya rubuta wa Mai Bes girmansa da na kowane sukuru, ya tura shi shagon kayan kiɗa, abin da ya kamata a yi tun shekara goma sha tara.

Ranar Juma'a da safe Kafinta ya huda sabuwar hanya siririya, ya goga sabulu, ya ɗaura. Ya rataya jitar a ƙusa da bel ɗinta, ya ja da ƙarfi. Ko gezau. Da rana Mai Bes ya bi gida da gwangwanin tsofaffin sukurori, matarsa na biye da takarda, yana mayar da kowanne gidansu. Kabad ya rufu. Gado ya yi shiru. Da aka gama ta karɓi sukurudireba ta jefa a jakarta ta zuge.

Guda ɗaya ya rage, gajere, baƙi, marar tsini, wanda aka ciro a bayan kunnen jitar. Kafinta ya ce ba nasa ba ne. Ita ma ta duba har keken ɗinki, ba ta ga inda ya fito ba. Mai Bes ya jefa shi a aljihu.

Asabar da azahar zauren kamfani ya cika. Waƙar farko ya tsaya ƙiƙam kamar soja. A ta biyu ya ɗan motsa kafaɗa. A ta uku ya saki jiki gaba ɗaya, jita na nan daram. Mai fiyano sai satar kallon bel yake yi. Wanda ke shan wahala Shugaba ne: sandar makirufo na zamewa, yana bin ta, har ya ƙare waƙar a duƙe kamar mai neman allura. Matan teburin gaba suna ta taɓa juna. Daga inda yake tsaye Mai Bes ya hango wani ɗan rami a wuyan sandar, babu komai a ciki. Nan take ya tuna wata Laraba, shekara biyu baya, da ya riga kowa isowa ɗakin gwaji da sukurudireba a hannu.

Da aka tafi hutu ya ari wuƙar shafa bota a kan tebur, ya durƙusa, ya ciro baƙin sukurun nan daga aljihu, ya ɗaura a ramin. Ya shiga cif.

"Ina ka samo daidai shi?" in ji Shugaba, yana jijjiga sandar.

"Mai kula da kaya ba ya rasa irin wannan a aljihu, ranka ya daɗe."

Shugaba ya juya ga sauran. "Kun gani? Shekara biyu ina fama, ba wanda ya kula sai shi. Kai kuma mai fiyano, ka ji da hannun damanka tukuna." Mai ganga ya kalli Mai Bes, ya ɗauki lemonsa.

Mai Bes ya mayar da wuƙar, ya zauna. Kujerun zauren sababbi ne, kowacce da sukuru takwas masu ƙyalli a bayanta, daidai girman na farantin wuya. Ya ƙirga na kujerar da ke gabansa sau biyu, sannan ya cusa hannuwansa a aljihu.