Ƙwaina Talatin da Shida

Cuta ta share mini kaji kaf, irin da nake kiwo tun ina goyon autana. Abin da ya rage ƙwai talatin da shida. Na kai su gidan ƙyanƙyasa, manaja ya bugi ƙirji ya ce injinsu da kwamfuta yake haɗe, da zafi ya ɗan sauka saƙo zai faɗo wayarsa.

Kwana ashirin da ɗaya na koma da kwandona. Ko ɗan tsako ɗaya babu. Ashe abin ɗumama injin ya mutu a rana ta sha biyu, ya kwana biyu a mace ba wanda ya sani.

Na ce ina saƙon? Manaja ya hau sosa ƙeya, ya kira injiniyansu, wani mai tabarau da ba ya kallon mutum a ido. Shi ya yi mini bayani, wai akwai doka a cikin kwamfutar, ita ke tura saƙo, amma an saita ta in ta tura sau ɗaya ta kashe kanta, sai an sake kunna ta. Wai don kada a dami manaja. Kuma ta riga ta tura nata tun rana ta biyar, da wani ya buɗe ƙofar injin ya daɗe.

Wanin nan ni ce. Na zo na juya ƙwaina da hannu, ban ɓoye ba.

"To kin gani, Iya," in ji manaja, har da murmushinsa.

"Na ga me? Saƙon ya zo maka ko bai zo ba?"

Saƙon ya zo. A ranar manaja ya leƙa injin, ya ga lafiya, ya mayar da waya aljihu. Ya ce bai ma san ana sake kunnawa ba. Injiniya ya rantse ya faɗa masa. Suka shiga tura wa juna laifi, ni mai gawa ina tsaye.

Na ce, "Mai gadin da zai yi ihun ɓarawo sau ɗaya ya naɗe tabarma, gidan uban wa yake gadi?"

Manaja ya ce zai ba ni 'yan tsakin gona hamsin, fararen nan da ko kwanci ba su iya ba. Na ce ya riƙe tsiyarsa. Bara na ba ƙanwata kaza cikin nawa, tana da ƙwai tara. Su za a saka, kuma a cire mugun saitin nan a gabana.

Injiniya ya danna abu ɗaya. Ɗaya tak! Wannan ya fi komai ƙona mini rai.

Na buɗe ƙofar injin na tsaya, wayar manaja ta yi ƙara. Na rufe, na jira, na sake buɗewa, ta sake. A na huɗu ya ce don Allah Iya ya isa.

Bakwai suka fito cikin taran. Da suka tasa, shida zakaru ne, mace ɗaya. Tana cikin keji a ɗakina, jikoki ko leƙa ta sai da izinina.