Hancin Auta

Saura kiris in bar wannan magana a cikina, don ni ko da baki ban iya ba da labari ba, balle a takarda. Amma Yaya ta riga ta ba mutane nata, kuma ba haka aka yi ba.

Ana gobe za a yi mini aikin hanci, ni da Yaya muna zaune a gaban likita, ya juyo mana da fuskar kwamfutarsa. Hotona ne guda biyu. A na hagu ga hancina yadda na san shi, faffaɗa, kansa a dunƙule. A na dama an ɗaga shi, an rage masa gefe da gefe. Yarinyar da ke dama ta yi kyau. Na daɗe ina kallonta.

Ni na so aikin, kada a ce an tilasta mini. Tun muna firamare yara ke kirana Tumatir, Yaya kuwa ta yi dambe da rabin unguwa a kan sunan nan. Bara muka ɗauki hoto duk gida, da aka wanko shi na ce mata da ana canza hanci da na canza. A hankali na faɗa, amma Yaya ba ta mantuwa. Ta nemo asibitin, ta shawo kan mijinta, ta ɗauki nauyin komai.

Likita yana yi mini tambayoyi, Yaya tana amsawa. Ba na shan wani magani, ba na yin haɓo, ba a taɓa yi mini tiyata ba. Da ya zo kan aikin da nake yi, kafin in buɗe baki ta ce, "Manaja ce, a kantin kayan kwalliya."

Ya ce to aikin zama ne, mako biyu ya ishe ni in koma.

Ni ba manaja ba ce. A ɗakin baya na wani kantin turare nake aiki, ni nake haɗa turaren. Tun da na tsaya a aji shida Yaya take jin nauyin faɗin aikina, shi ya sa a bakinta duk shekara sai an yi mini ƙarin girma. Ga dangin mijinta ni mai karɓar kuɗi ce. Ranar nan kuma na zama manaja.

Aka tura ni ɗakin ɗibar jini, Yaya ta fita amsa waya. Nas ɗin wata mai fara'a ce. Tana ɗaure mini hannu ta shinshina mayafina, ta tambaye ni inda na sayi turaren. Na ce ni na haɗa, shi ne aikina. Ta ce to in shaƙa in more yau, don daga gobe ko girki ne yake ƙonewa a gabana ba zan ji ba. Na tambaye ta har zuwa yaushe. Ta ce wasu makonni, wasu watanni. Sai ta tsaya da allurar a hannunta, ta dube ni.

"Ƙanwata, kin faɗa wa likita aikin da kike yi kuwa?"

Da ta gama ta kama hannuna ta mai da ni ofishinsa, ita ta yi masa bayani. Ya cire tabaransa ya ajiye. Ya ce ga yawancin mutane jin ƙamshi yana dawowa, kuma idan ma ya ragu kaɗan ba sa lura. Amma ga mai cin abinci da hancinta, ba zai yi alkawarin zai dawo daidai yadda yake ba. Ya ce in je in yi tunani, sunana yana nan a cikin na gobe da safe.

Yaya ta sauke ni a kanti da azahar. Ban faɗa mata abin da likita ya ce ba.

Kantinmu ɗaki biyu ne. Na gaba yana da madubai da fitilu da kujerun masu saye, nan Rediyo take tsayawa. Rediyo muke ce mata don tun daga buɗe kanti har rufewa bakinta ba ya hutawa. Na baya ƙarami ne, babu taga sai wata 'yar kafa da ake miƙo mini aiki ta ciki. Kwalabe ne jere har sama, da tebur, da fanka mai ƙara. Mutum yakan zo da tsohuwar kwalbar da turarenta ya ƙare, ko ɗankwalin da ƙamshi ya kama, ya ce irin wannan yake so. Rediyo ta miƙo mini. In shinshina, in ɗiga a 'yan takardu, in ƙara wannan in rage wancan. Idan hancina ya gaji sai in shinshina gwiwar hannuna, ya dawo daidai. Ba mai ganina, ba mai jiran in yi magana. A duk duniya nan ne kaɗai wurin da nake mantawa ina da fuska.

Ranar babu aiki da yawa. Na yagi auduga, na toshe hancina duka biyu, na ɗauko kwalabe daga kan kanta ba tare da na duba sunansu ba. Na buɗe ta farko, na buɗe ta biyu. Duk ruwa ne mai launi. Wata ta sa idona ya yi yaji, shi ke nan abin da na sani game da ita.

A haka Rediyo ta leƙo ta kafa ta gan ni. Ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce Auta ta gaji da jiran likita ta fara aikin da kanta. Dariyar ce ta jawo Anti, mai kantin. Dole na faɗi abin da aka gaya mini a asibiti.

Anti mutuniyar kirki ce, ita ta koya mini aikin nan. Ta saurare ni har na gama, sannan ta dafa kafaɗata.

"Idan bai dawo ba ma sai me, 'yata? Ai ba zan kore ki ba. Sai in fito da ke gaba. Da ma can abin da ya sa ban..." Ta yi tari, ta gyara mayafinta. "Da sabon hanci ai gaban kanti ya dace da ke."

Rediyo ta ce idan aka sa Auta a gaba, mai saye zai gaishe ta yau ta amsa jibi. Anti ta harare ta, amma ita ma ta murmusa. Na tambaye ta wa zai riƙa haɗa turaren. Anti ta ce sai ta koma sayen haɗaɗɗe kamar sauran kantuna, ɗakin kuma a mai da shi sito, da ma wurin ajiya ya yi mana kaɗan.

Na cire audugar. Ƙamshin ɗakin ya dawo mini gaba ɗaya, kowane daga inda yake zaune a kan kanta. Na share tebur, na rufe kwalabe, na tashi da wuri.

A gidan Yaya zan kwana don asibitin ya fi kusa da nan. Na same ta tana goge wata riga mai maɓalli a gaba, ta ce ta saya mini ne don kada in riƙa cusa kaina a wuyan riga in fama ciwon. Ta sayo matasan kai guda biyu, ta gyara mini ɗakin baƙi, ta ja wa yaranta kunne kada wanda ya yi tsalle kusa da ni. Na tsaya a bakin ƙofa na faɗa mata maganar likita da ta Anti.

Ba ta daina guga ba. Ta ce likitoci haka suke, ko maganin ciwon kai ne sai sun lissafa maka hanyoyin mutuwa goma. Da ta ji zancen gaban kanti kuwa sai fuskarta ta washe.

"To ai faɗuwa ta zo daidai da zama. Auta, so kike ki tsufa a cikin wannan akurkin? Ni so nake a gan ki."

Da gaske take. Na san da gaske take. Muna cin abincin dare ta ƙara mini a faranti, ta ce in cika cikina, don nas ta ce daga tsakar dare ko ruwa kada in sha. Wanda ya ci wani abu da safe ba a yi masa aiki.

Washegari na riga kowa tashi. Na shiga kicin, na dafa shayi, na yanka burodi, na zauna a kan 'yar kujerar da yara ke takawa. Ina tsakiyar ci Yaya ta shigo da makullin mota a hannunta, da rigar a kafaɗarta. Ta dubi kofin, ta dubi bakina.

"Me kike yi?"

"Karyawa nake yi, Yaya."

Ba ta yi faɗa ba. Ta ajiye rigar a bayan kujera, ta ciro wayarta, ta lalubo lambar asibitin, ta ajiye mini kusa da kofin.

"To ki faɗa musu da bakinki. Ni na gama yi miki magana."

Na kira. Wata mata ta ɗauka, na faɗi sunana sau biyu kafin ta ji. Ta tambaye ni zuwa wace rana za a ɗaga aikin. Na ce kada a ɗaga, a ba wani gurbin.

Na ƙarasa shayina, na wanke kofin. Na ja mayafina ya rufe rabin fuskata kamar kullum, na fita tarar motar zuwa kanti.