Watan da Baba Bai Gani Ba

A shekarar da aka yi wa ma'aikatan gwamnati rabon kuɗin Udoji, yayana Ummaru ya shigo gidanmu na Jibiya da wani dogon bututu mai ƙafa uku a kafaɗa. Ummaru ma'aikacin kwastan ne a bakin iyaka, kuma tun da aljihunsa ya yi nauyi ba ya iya wuce abin sayarwa. Wannan kuwa a wurin wani direban Maraɗi ya saye shi, wai madubin hangen taurari. Na ce masa saura ya sayo mana jirgin sama.

Amma ba don burga ya sayo shi ba. Mahaifinmu, Malam Kalilu, shi ne mai ganin wata a unguwarmu. Shekara talatin, duk ranar ashirin da tara ga Sha'aban, ana sallame magariba sai jama'a su taru a ƙofar gidanmu. Shi kuma ya zagaya gindin rumbu, innarmu Hajo na biye da shi da buta, can sai ya fito ya ce an gani ko ba a gani ba. Ba a taɓa kama shi da kuskure ba. To, Inna ta rasu a farkon daminar nan, Baba kuma ya fara laluben takalminsa da ƙafa. Ummaru ya ji tsoron kada tsohon ya ji kunya a gaban mutane.

Ranar ta zo, an yi ruwa da la'asar, gari ya washe tas. Ummaru ya kafa abinsa a gindin rumbu, ya yi ta murɗe-murɗe yana gumi, har ya daka tsalle.

"Ga shi nan, Baba! Siriri kamar zare. Sa idonka nan."

Baba ya sunkuya. Ya daɗe a haka, har na fara jin tarin mutane a zaure. Ya canza ido, ya goge da bakin riga, ya sake kangawa.

"Ummaru, ban ga komi ba."

"To ai ni na gane shi. Tahi ka ce masu an gani, wa zai sani?"

"Ba kai ka hwara ganin mani shi ba," in ji Baba. Ya zauna a kan turmi. "Shekara tara ke nan rabona da jinjirin wata. Uwarku ce ke ganinai. Butar nan duk dabara ce. Sai ta kama yatsana ta ɗaga, ta ce ga shi can bisa iccen gawon maƙwabcinmu Rabe, ni kuma in hita in amshi yabo."

Wallahi haushinsa ya kama ni, sai kuma tausayi ya danne haushin. Ko a ranar jana'izarta ban ga tsohon nan ya yi kuka ba sai yanzu.

Ya aiki Ummaru ya gaya wa jama'a cewa shi Ummarun ne ya gani, kuma daga bana su nemi wani. Da muka rage mu biyu, sai ya miƙo mini hannu.

"Barira, kama yatsan nan ki nuna mani wajen."

Na kama na ɗaga saitin gawon Rabe. Watan ya riga ya faɗi, amma ban gaya masa ba.