Muryar Inna Zainaba a Tef

Shekarar da Alhaji Attahiru ya yi hajjinsa na biyu, kowa ya dawo da abin da ransa ya so. Wani darduma, wani agogon bango, wani haƙorin Makka. Shi kuwa kayan sauti ya kwaso, manyan kwalaye da sai da aka nemo a-kori-kura kafin su iso gida. Lokacin soja ke mulki, kuɗin mai sun malalo cikin ƙasa, kuma ɗan kasuwar shadda da atamfa irinsa ba ya da abin kuka. Ya riga ya bar wa ƙannensa tsohon gidansu na Ƙofar Taramniya, ya yi gini a unguwar Gidan Dahala, nan cikin Sakkwato. A nan ya ware ɗaki guda ya jera kayan: na'urar faifai, rikoda mai manyan tef biyu masu juyawa, akwatin ƙara sauti mai nauyin tsiya, da lasifika biyu da suka kai masa ƙugu.

Abokan kasuwa sun yi ta yi masa tsiya, wai ya sayo makaɗa ya kulle a ɗaki. Bai damu ba. Allah ya ba shi kunne tun yana yaro, kuma ya san inda ya gado shi.

Mahaifiyarsa, Inna Zainaba, mutuniyar ƙauye ce, manomiyar gero. A zamaninta ba a daɓen ɗakin amarya a yankinsu sai an jira ta ta ba da waƙa. Da ta zo birni bayan kaka, Attahiru ya zaunar da ita, ya ɗora mata makirufo a gaba. Ta yi ta noƙewa, daga baya ta saki murya. Ta yi waƙoƙin daɓe, ta yi na niƙa, tana yi tana dariya tana yi masa faɗa a tsakani. Duk ya ɗauka a tef.

Ba a yi nisa ba ciwon shanyewar ɓarin jiki ya same ta. Ya ɗauke hannun dama da ƙafa, ya haɗa da harshe. Matar da ba ta iya zama shiru ta koma sai ido. Matarsa Bara'atu ke jinyarta, ita ce kuma ta ce masa wata rana, "Alhaji, ka sa mata tef ɗin nan mana. Ko ta ji sanyi."

Bazara ce, zafin Sakkwato ya kai inda ya kai, kowane gida fanka da firji na aiki. Wutar unguwar ta zama abin da ta zama, yanzu ƙwan fitila ya yi ja kamar garwashi, anjima ya yi haske kamar zai fashe. Aka ɗauko Inna aka kwantar a kan kilishi bayan la'asar. Attahiru ya kunna. Abin da ya fito daga lasifika ba muryarta ba ce. Wata murya ce mai kauri, tana jan ƙafa kamar ta mai maye, ga wani gurnani a ƙarƙashinta, ga ƙas-ƙas duk sa'ad da firji ya tashi. Inna ta saurara kaɗan, ta juyar da fuska bango. Da hannun hagu ta yi alamar a fitar da ita.

Attahiru ya gane abin da ta ji. Ta ɗauka ko a tef ɗin ma ciwon ya bi ta.

Kashegari ya gwada shi kaɗai. Wuta ta yi tsalle, wani abu ya yi ɗas a cikin akwatin, ƙaurin waya ya cika ɗaki. Ya cire tef ɗin, ya naɗe shi a rawani, ya rufe ɗakin.

Ranar Asabar da hantsi aka yi sallama da shi. Maƙwabcinsa ne, Junaidu, injiniyan lantarki a kamfanin siminti na Kalambaina, mutum mai ƙarancin magana wanda gaisuwa kawai ke haɗa su. Attahiru ya fito yana shirin ba da haƙuri, don ya zaci ƙarar kayan ce ta ishe shi.

"Alhaji, kwana biyu ban ji kiɗa ba," in ji Junaidu. "Lahiya?"

Attahiru ya ba shi labari, har da abin da bai yi niyyar faɗa ba.

Junaidu ya ce, "Na ji waƙar ta katanga ran nan. Na san ba haka aka yi ta ba, don kakata na yin irinta. Ina zuwa."

Ya dawo yana nishi da wani baƙin akwatin ƙarfe mai allura a goshi. Sitabilaiza ce, na'urar daidaita wuta, wadda ya zo da ita daga karatu a Turai, ita ke tsare masa nasa kayan sautin.

"Haba Injiniya, kai hwa? Naka su ƙone?"

"Faya-fayan da nike ji, in sun lalace akwai su kasuwa. Wanga naka ina za ka samo wani?"

Attahiru ya buɗe masa ɗakin.

Yini suka yi. Junaidu ya tuɓe riga, ya canza fis ɗin da ya ƙone, ya ce Allah ya taƙaita, iyakar ɓarnar ke nan. Ya ja wa ɗakin waya tasa daban tun daga mita, don ya raba shi da firji. Sannan ya sa aka haƙa rami a bayan taga, ya kafa sandar tagulla, ya zuba gawayi da gishiri, ya kwarara ruwa, ya ɗaura waya daga nan zuwa kayan. Attahiru, da babbar rigarsa a naɗe a kafaɗa, shi ne mai miƙo filaya.

"Wutar ga awa ruwan gulbi take da damina," in ji Junaidu yana haɗa fulogi. "Akwatin ga randa ce. Ruwa shi shiga shi kwanta, sannan a ɗiba."

Suka kunna. Fankar sama na rage gudu tana ƙarawa yadda ta saba, amma allurar da ke nuna wutar da ke fita ta tsaya cak. Attahiru ya kai kunne jikin lasifika. Tsit. Sai ya sa tef.

Inna ta ƙi a ɗauko ta. Bai matsa mata ba. Ya buɗe ƙofar da ke duban tsakar gida, ya ƙara sauti kaɗan, ya koma gefe.

Muryar ta fito siririya, tas, har ana jin inda take jan numfashi da ƙarar warwaronta. Bara'atu ta saki muciya a tukunya. A ƙarƙashin rumfa, Inna ta buɗe ido. Yatsunta na hagu suka fara buga tabarma. Da aka zo inda ta katse waƙa a tef ta ce, "Kai Attahiru, kashe abin ga, kunya nike ji," sai kafaɗunta suka girgiza. Dariya take. Da amshi ya zagayo, leɓɓanta suka bi shi, kalmomi suka fito, a karkace amma a jere.

Attahiru ya zame ya zauna a dokin ƙofa, ya rufe fuska da hula. Junaidu ya tattara kayan aikinsa ya fice ta zaure ba tare da sallama ba.

Magana ba ta dawo wa Inna sosai ba har ta koma ga Allah bayan damina biyu. Amma waƙa ta dawo, kuma da ita take kiran jikoki, da ita take neman ruwa. Attahiru ya yi odar sabuwar sitabilaiza daga Ikko, ya kai wa Junaidu da kansa. Ya haɗa da turmin shadda, Junaidu ya karɓi akwatin ya maido shaddar.

Da Bara'atu ta haihu namiji, ranar suna liman ya tambayi uban yaro wane suna za a raɗa. Attahiru ya faɗa masa a kunne. Maroƙi ya ɗaga murya ya sanar wa jama'a yaro ya ci sunan Junaidu. Injiniya na zaune can baya da goro a hannu, ya waiwaya yana neman wanda ake nufi, har sai da na kusa da shi suka fara miƙo masa hannu.