Muryar Bayan Labule

Shekara ashirin da biyu Auta ta yi a kan kujera ɗaya, a lungun da ke tsakanin labule da bango, littafin wasa a cinya, 'yar tocila a hannu, kuma a cikin 'yan kallo babu wanda ya taɓa sanin tana duniya. Aikinta tuni ne. In ɗan wasa ya manta maganarsa a kan dandamali, ita ke raɗa masa farkon layin ya kama. Aikin yana da ƙa'ida guda da ta gada daga tsohon da ya koya mata: ba a buɗe baki sai ɗan wasa ya yi shiru na numfashi uku, domin wani shirun na gwaninta ne, in ka tsoma baki a cikinsa ka zubar wa mutum da aiki.

Su tara ne a ƙungiyar. Ɗakin wasansu yana saman shagon mai facin taya, kujeru tamanin, da fanka guda mai kuka kamar an taka jelar kyanwa. Tsofaffin wasanni kaɗai suke yi, irin waɗanda marubutansu suka daɗe da kwanta dama, duk Asabar da ƙarfe huɗu na yamma. Ranar da aka ce an cika, 'yan kallo talatin ne, rabinsu 'yan fansho da suka haddace wasannin har suna motsa baki tare da 'yan wasa.

Ginshiƙin ƙungiyar kuwa wanta ne, uwa ɗaya uba ɗaya, wanda kowa ya ari bakinta yake kira Yaya. Shi ke fitowa a mai fito, a tsohon wasan nan na mutumin da ya ƙi ɗaukar ƙaninsa a kwalekwale ranar ambaliya. Shekara talatin yana riƙe da wannan matsayi. Sai dai a bana kunnensa ya yi nauyi, kansa kuma ya fara zubar da layuka, kuma Auta ce kaɗai ta san iyakar abin, don ita ke tsintowa. Darakta, wani matashi mai son hular sanyi ko ana zafi, ya riga ya ja ta gefe ya ce, “Anti, ina ganin girman Yaya, amma in ya sake tsayawa a gaban baƙi, dole in ba wani matsayin.” Auta ta san in aka raba Yaya da kwalekwalen katakon nan, an raba shi da abin da ke tashe shi da safe.

To, ranar da baƙon ya zo, ba ƙaramin baƙo ba ne. Mai sharhin jaridar mako ne, wanda 'yan wasa ke kira Jan Biro. Shi ne ya taɓa rubuta wa wata ƙungiya cewa abin da ya fi burge shi a wasansu ƙofar fita ce. Ya zauna a layi na biyu, ya ɗora ƙafa kan ƙafa, ya buɗe ɗan littafinsa.

A ranar Yaya ya tsaya sau bakwai. Na farko Auta ta ƙirga numfashi uku ta raɗa, bai ji ba. Ta ƙara murya, bai ji ba. Da ta ga abin zai lalace sai ta rufe ido ta faɗi layin da ƙarfi, yadda har mai facin taya a ƙasa zai iya ji: “Ruwan ne ya fi ƙarfina, ba zuciyata ba!” Yaya ya waiwayo a firgice, ya maimaita a hankali kamar wanda aka tilasta. Haka aka yi ta yi har aka rufe labule. Jan Biro ya rufe ɗan littafinsa ya fita. Darakta ya cire hularsa ya zauna a kan akwatin kaya, Auta kuma ta rufe littafinta ta sulale gida.

Ranar Laraba Telan ƙungiya ya hauro bene da gudu, jarida a hannu, tsinin almakashi na leƙowa daga aljihu.

“Ku zo ku ji! Wallahi ku zo ku ji!”

Ya hau kan kwalekwalen ya karanta. Jan Biro ya ce shekara goma sha biyar yana kallon wannan wasa a wurare daban-daban, bai taɓa jin ya shige shi ba sai a saman shagon faci. Ya ce Darakta ya yi dabarar da ba a taɓa yi ba: ya ɓoye muryar mace a bayan labule, ta zama zuciyar mai fito, tana riga shi faɗin abin da yake jin kunyar faɗi, shi kuma yana maimaitawa a karye. Ya ce duk mai ƙafa ya je ya ji wannan murya.

Aka dubi juna. Sai mai sayar da tikiti ta fashe da dariya har ta zame daga kan benci, daga nan kuma wuri ya rikice. Tela ya yafa rigar sarauta ta wani wasan ya kama rawa. Biyu daga cikin 'yan wasa suka ɗaga Auta da kujerarta suka zaga ɗakin da ita, tana ihu tana cewa su sauke ta kafin ta karye. Darakta ya mayar da hularsa, ya gyara murya, ya ce, “To, ai dama na daɗe ina tunanin wani abu mai kama da haka.”

“Tun yaushe, ranka ya daɗe?” in ji Tela. “Tun kana zaune a kan akwati?”

Aka sake kwashewa. Tsuntsu daga sama gasasshe, wa zai tsaya tambayar wanda ya gasa? Auta ta karɓi jaridar ta karanta da idonta sau huɗu, kuma gaskiya ta ji daɗi, daɗin da ya ba ta kunya. Mace mai shekara hamsin da ɗaya, ga ta tana murmushi ita kaɗai a motar haya, tana gwada layin a maƙogwaro. Ta sayi jaridar guda uku. Har zuma ta fara sha da ruwan ɗumi saboda murya.

Yaya ne kaɗai bai yi rawa ba. Ya yi murmushi, ya ce madalla, ya ɗauki kwafin littafin wasan ya sa a aljihu. Matarsa ta gaya wa Auta cewa tun daga ranar, a tsakar gida yake yini yana zagaye yana haddar layuka kamar ɗalibi mai jarrabawa, ya kuma je asibiti an sa masa 'yar na'urar ji a kunne, wadda shekara biyu ana roƙonsa yana ƙi.

Ranar Asabar layin mutane ya sauko daga bene, ya wuce tayoyin, ya kai bakin titi. Mai faci ya ba da aron bencinsa biyu, ya rufe shago ya hauro shi ma. 'Yan fansho suka tarar baƙi sun zauna musu a kujeru, aka yi 'yar hayaniya. Ɗalibai suka zo da littattafan rubutu. Wata mata ta tambayi mai tikiti wane gefe muryar ke fitowa, don ta zauna kusa. Jan Biro ma ya dawo, da abokai biyu, yana nuna musu labulen da baki.

Aka buɗe wasa. Yaya ya shigo da sandar tuƙi a kafaɗa, ya kama magana, kuma tunda Auta take ba ta taɓa jin ya yi kamar ranar ba. Layi na bin layi, ko tuntuɓe babu. Ta bi shi da yatsa a littafi, shafi goma, shafi ashirin, bakinta a buɗe, babu wurin shiga. Aka zo wurin ruwan da ya fi ƙarfinsa, ya faɗa da kansa, ya wuce.

'Yan kallo suka fara motsi. Ana leƙen labule, ana duba jarida. Abokan Jan Biro suka dube shi, shi kuma ya dubi silin. Can daga baya wani ya kasa haƙuri ya ce, “Malam, ina muryar?” Aka yi dariya, wani ɗan fansho ya juya ya ce a yi wa mutane shiru.

Da aka tafi hutun rabin lokaci Darakta ya faɗo lungun Auta, gumi har cikin hula.

“Anti, ki rufa mana asiri. Ki yi magana!”

“In ce me? Bai manta ba.”

“Ki riga shi kawai! Kafin ya buɗe baki ki faɗa. Mutanen nan ke suka zo ji.”

Maganar ta yi mata daɗi, ba za ta yi ƙarya ba. Layukan suna nan a kan harshenta, zumar kwana uku tana jira. Amma ta san abin da Yaya ya yi a tsakar gida kwana uku, ta kuma san ya yi ne domin ya nuna har yanzu zai iya da kansa.

“Ba na shiga bakin ɗan wasa,” ta ce. “In ya yi shiru, ina nan.”

Darakta ya ɗaga hannu sama ya fita yana sambatu. Ashe Yaya yana tsaye a bayan akwatin kaya yana shan ruwa, da sabon kunnensa. Ya ajiye kofin ya koma dandamali.

A kashi na biyu, ana tsakiyar wurin da matar ƙanin ta zo tambayar mijinta, sai Yaya ya tsaya cak. Ya juya kansa kaɗan wajen labule. Auta ta ƙirga ɗaya, biyu, uku, ta saki murya: “Na gan shi, ya ɗaga mini hannu.”

Ɗakin ya ɗauki wata irin ajiyar zuciya, kamar an sauke wa mutum ɗari kaya lokaci guda. Matar da ta zauna kusa ta dafe ƙirji. Jan Biro ya zunguri abokansa da gwiwar hannu, hagu da dama. Yaya ya maimaita layin a karye, kuma da ya juya baya ga jama'a sai ya kashe wa Auta ido ɗaya. Dariya ta taso mata, ta cusa gefen mayafi a baki. Tsohon banza, ashe kyauta ya yi mata!

Ya sake yi bayan shafi shida, ta sake amsawa, wannan karon har da ɗan jan murya, don ita ma ta fara jin kanta. Darakta yana daga ɗaya gefen yana tsalle ba sauti, yana rungumar Tela.

Sai jawabin ƙarshe, wanda Yaya ke iya yi ko cikin barci. Ya taka zuwa bakin dandamali, ya buɗe baki, ya tsaya. Auta ta ƙirga uku tana murmushi, ta ba shi layin. Ya maimaita, ya sake tsayawa. Ta ba shi na gaba. Haka suka bi jawabin nan gaba ɗaya, layi goma sha huɗu, ita ta faɗa shi ya karɓa, ɗaki ya yi tsit har kukan fanka ya zama abin ji. Da labule ya rufe, tafin da ya tashi sai da ya girgiza tagogi. Ana buga ƙafa, ana kira, “Murya! Murya ta fito!”

Auta ta ruga wurinsa, littafi a hannu, tana dariya. “Yaya, ka cika mugu! Jawabi guda cur ka ba ni? Ai sai ka bar wa kanka ko layi biyu.”

Yana tsaye inda labule ya rufe a kansa, riƙe da sandar tuƙi da hannu biyu. Bai yi dariya ba.

“Biyun farko da gangan na yi,” ya ce a hankali. “Na ƙarshen nan, Auta, na duba na ga mutane, ban san me suka zo yi ba. Muryarki kaɗai na gane.”

Dariyarta ta yanke. Tsoro ya kama ta, da tausayin wannan ƙaton mutum da ya goya ta tana ƙarama. A waje kiran sai ƙaruwa yake, Darakta na ɗaga musu hannu su fito, bakinsa har kunne.

“Darakta ya gane?” in ji Yaya.

“Babu wanda ya gane.”

“To mu je, ke suke kira.” Ya dubi hagu, ya dubi dama. “Ta ina ake fita?”

Ta ajiye littafin a kan kwalekwale, ta saƙala hannunta a nasa. Tela ya ja igiya, haske ya watso musu a fuska, jama'a suka miƙe tsaye ganin tsohon gwani ya fito da muryar da ya ɓoye. Auta ta matse hannunsa ta ja shi taku uku zuwa gaba, ta raɗa masa daidai sabon kunnen, “Nan ne, Yaya. Sunkuya.”