Soket ɗaya a kicin ɗin kulob

Shekara arba'in da uku ina jan tirela a bayan mijina Alby. Jirginsa ba shi da inji, wani jirgin ne ke jansa sama da igiya ya sake shi, daga nan sai abin da iska ta yi da shi. In ta ƙi ɗaga shi ya sauka a gonar wani, ni ce zan bi da mota in kwaso shi, mu kwance fukafukai mu loda. Dokar kulob ɗinmu kuwa, wanda aka kwaso shi ke ciyar da wanda ya kwaso shi. Ban yi makaranta mai nisa ba, amma a lissafin abincin nan ko ɗaya ban manta ba.

Shekara shida ke nan bai kira ni ba. Kullum ya sauko sai ya ce ya kai can garin Hay ya dawo, ko ya leƙa Griffith. Maza su ce ya nuna musu hanyar da ya bi, ya ce tsohuwar na'urarsa ba ta ajiye komai, zafi ya lalata ta. Ni dai na san mai zuwa Hay dole wata rana ya faɗa gonar alkama. Tun ranar da fiffikensa ya kusa shafar wayar lantarki wajen sauka, Alby bai ƙara nisa da gida ba. Bayan tudun dutsen nan yake zuwa ya yi ta kewaye awa huɗu. Ban taɓa ce masa na sani ba.

Sai ga Des Tuckwell da shawarar kowa ya sa sabuwar kwamfutar nuna hanya. Aka yi taro a rumfa, kowa na faɗin abin da yake so. Wannan ya ce allon ya zama ana gani cikin rana. Wancan ya ce ta yi gargaɗi in wani jirgi ya matso, ta kuma faɗi ko tsayin da kake zai kai ka gida. Wani ya ce maɓalli yake so na murɗawa, don yatsa mai gumi ba ya aiki a gilashi. Des ya bari suka gama, sannan ya ce, “Ni abu ɗaya. Ta riƙa nuna inda kowa yake a talabijin ɗin kulob, in an sauko kuma ta tura tafiyar intanet da kanta.” Yana faɗa yana kallon mijina.

“Mu da muka koya da taswirar takarda,” in ji Alby, “ba ma buƙatar allo ya riƙe mana hannu.”

“Ai ba hannunka za ta riƙe ba, tsoho. Bakinka za ta riƙe.”

Aka yi dariya. Alby ya saya, don ƙin saye ya fi tona asiri.

Asabar ta farko ana zafin Janairu, don a ƙasarmu lokacin ne bazara, maza shida da ba su tashi ba suka jera kujeru gaban talabijin, Des a gaba. Ga ɗigon Alby ya bayyana da lambarsa, ya nufi tudu. Na san minti goma suka rage masa na mutunci.

Kicin nawa ne, soket ɗinsa kuma ɗaya ne. Nan suka jona akwatin intanet da ɗan akwatin da ke kama saƙon jirage, ba tare da sun tambaye ni ba. Waya ba ta kamawa a filinmu sai ta wannan akwatin. Na zare su na jona tukunyar shayi.

Des ya leƙo. “Noelene, allo ya mutu.”

“Ruwa nake dafawa.”

“A wannan zafin wa zai sha shayi?”

“Ni.”

Ya miƙa hannu wajen soket. Na ce, “Desmond, ka tuna gonar aladun nan ta wajen Leeton?” Hannun ya tsaya. “Ka ce wa mutane iska ce ta mutu. Ni da na kwaso ka na ga taswirarka, ta wata jihar ce ka ɗauko. Shekara ashirin ban faɗa wa kowa ba, abincin ma ba ka saya mini ba.”

Ya janye hannun. “A sa mini sukari biyu,” ya ce.

Sau biyar na dafa ruwan nan.

Da Alby ya sauko na tare shi can ƙarshen fili, kafin maza su iso. Ya buɗe murfin jirgin yana goge wuya. “Kai, yau Hay akwai iska.”

Na kira shi da cikakken sunansa: “Alwyn, yaya tudu?”

Ya daina goge wuyan. Ya duba allon da ke gabansa, tafiyar tasa a zane kamar zaren da kyanwa ta yi wasa da shi, duk wuri ɗaya.

“Tun yaushe kika sani?”

“Tun tayoyin tirela suka fara tsagewa don zama.”

“In an mai da intanet za ta tura?”

“Haka Des ya ce.”

Ya yi ta murɗa maɓalli yana neman inda ake gogewa, abin ya koma wani yare. Na miƙa hannu na cire batirin na sa a aljihun riga. Na ce masa yau na rufa masa asiri, amma ba zan kwana ina dafa ruwa duk Asabar ba, kuma Des bakinsa na mako ɗaya ne. Ko ya faɗa musu da kansa, ko gobe ya tafi Hay da gaske.

“Tsoro ke kama ni in na daina hango fili,” ya ce, bai dube ni ba.

“Ka sayi abin da ke faɗa maka inda gonaki masu kyau suke. Ka saurare ta. In ka faɗi ina nan.”

Lahadi na bar musu soket. Surukata, matar ɗanmu, ta goge tsohuwar tafiyar da safe, ta jona mini ɗigon a wayata. Muka ga ya wuce tudu. Ya yi kewaye biyu kamar zai juyo, sannan ya miƙe yamma. Kilomita tamanin ya yi, ɗigon ya fara sauka, ya sauka, ya tsaya cik.

Maza suka ɓarke da dariya. “Gwanin Hay ya shiga kara,” in ji Des. “Sabuwar na'ura ta rikita tsoho.” Har da tafi. A wajensu wanda ya faɗa gona mutum ne da ya je wani wuri.

Na same shi zaune a inuwar fiffike, ƙudaje sun rufe masa baya, yana murmushi kamar wanda ya ci gasa. Karon farko ban yi yawon neman “kusa da wani rumbun hatsi” ba, wayar ta kai ni har ƙofar shinge.

“Naman rago zan ci,” na ce, “da kayan zaki. Kama can, fiffiken nan ya ƙara nauyi.”