Hulunan Darlene Goma Sha Ɗaya

Masana'antun cuku biyu ne a garin, Voskuil da Trembly, titi ɗaya ne tsakaninsu. Al'adar ma'aikata kuwa, in shugabanka ya ɓata maka rai, ka ajiye masa safar hannunsa ka tsallaka titi. Can za a karɓe ka hannu bibbiyu, har da ɗan ƙarin albashi.

Darlene Wojcik ta fi kowa iya wannan. Cikin shekara ashirin da shida ta tsallaka sau goma, kowane zuwa a ba ta sabuwar hula mai sunan kamfani da shekara, ban da ta ranar da ta fara aiki. Mijinta Norb, sarkin tsokana, ya jera hulunan a bangon gareji, duk baƙon da ya zo sai ya nuna masa. "Ga tarihin rashin haƙurin matata," in ji shi.

Sai Voskuil ya saye Trembly. Bayan wata uku aka sallami mutum arba'in, har da Darlene. Ta fito da takardar a hannu, ƙafarta ta nufi titi bisa sabo. Tana ɗaga kai ta ga allon can ma Voskuil aka rubuta. A nan tsoro ya kama ta, don shekarunta hamsin da takwas, kuma babu wata masana'anta sai an yi tafiyar awa biyu.

Wata lauyar gwamnatin jiha, Yolanda Prewitt, ta tara korarrun a zauren coci.

"Kora kaɗai ba laifi ba ce a dokar hana babakere," ta ce. "Kamfani zai ce tsimi yake yi."

"To me kika zo yi, 'yar nan?" in ji Darlene. "Shan kofinmu?"

Yolanda ta yi dariya. "Gasa dokar take karewa, Misis Wojcik. Har da gasar neman ma'aikata. In haɗewar ta kashe wannan, akwai magana. Amma kamfanonin biyu sun rantse ba su taɓa rububin ma'aikaci ba. Shaida nake nema."

Norb ya shaƙe da kofi. "Shaida? Baiwar Allah, zo mu je gareji!"

"Norb, ka kiyaye ni!"

Ina, ya riga ya ɗauki makullin mota. A garejin Yolanda ta tsaya gaban hulunan nan goma sha ɗaya, ja, shuɗiya, ja, shuɗiya, tana karanta shekarun.

"Kowace da ƙarin albashi?"

"Au, da kyauta zan tsallaka?" in ji Darlene.

Hulunan ba su isa su kaɗai ba, amma su suka nuna wa Yolanda takardun da za ta nema. Aka yi wata goma sha huɗu ana ja-in-ja, Darlene na sayar da burodi a kanti tana zagin lauyoyi. A ƙarshe Voskuil ya yarda ya sayar da Trembly ga wasu, aka sake ɗaukar ma'aikata a can, har da Darlene.

Ranar farko sabon manaja ya miƙa mata hula koriya. "Darlene, na ji labarinki. Don Allah wannan karon ki zauna."

Ta leƙa taga. Allon tsallaken titi sunansa daban da wanda ke kan hularta. Murna ta cika ta har idonta ya kawo ruwa. Ta gyara zaman hular.

"Zan zauna," ta ce. "Kai dai ka riƙa tunawa titin ba shi da faɗi."